Azumin da Muka Cire Mita

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Tun dawa ba ta gama fitar da kai ba sama ta washe, rana ta dawo da zafin nan na bayan damina, wanda mutum zai yi wanka ya fito yana gumi. A cikin wannan zafin ne ma'aikatan wuta suka bi layinmu gida-gida da takardu, wai kowa ya zaɓa: ko mita mai kati, ka saya ka sha iyakar kuɗinka, ko a ci gaba da kawo maka takarda ƙarshen wata. 'Yata Bilkisu ta karanta mini, ta ce, "Inna, wanne za mu ɗauka? Sa hannu kawai za a yi."

Na ce ta ajiye takardar tukuna, ta zagaya ta tambayi masu haya a ɗakunan baya, musamman matar nan mai ɗinki da keken wuta. Ta yi dariya, ta ce gidana ne, mene ne na shawara da 'yan haya? Ba ta san na taɓa zaɓar wa gida kuɗin wuta sau ɗaya ba, tun ba a haife ta ba.

Shekarar da aka canza kuɗi ce, muka bar fam da sule muka koma naira da kwabo. Ita ce kuma shekarar da fari ya ci ƙasarmu. Ina da shekara uku da aure, ina goyon ɗana na fari. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, malamin awo ne a injin gurzar auduga. Muna haya a Sabon Garin Gusau, wani gidan kwano mai ɗaki huɗu, tsakar gida ɗaya, madafi ɗaya, da rijiyar da tun bazara ta koma taɓo. Mai gidan wani Alhaji ne da ke zaune a Bunguɗu, sai bayan wata uku muke ganinsa. Mu muna da ɗaki biyu. Sauran biyun na Maman Ngozi ne.

Maman Ngozi Kirista ce, Ibo, amma a Gusau ta tashi, Hausarta ta fi tawa daɗi. Lokacin yaƙi ta tafi ƙasarsu da mijinta da 'ya'ya huɗu, ta dawo ita da 'yan mata biyu. Ba ta taɓa ba ni labarin sauran ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Dukiyarta a duniya firiji ne guda, tsoho, fari ya koma ruwan madara, ƙofarsa sai an ɗaure da tsumma take kamawa. Da shi take yin ƙanƙara da zoɓo da lamurje mai sanyi tana sayarwa, da shi take ciyar da 'ya'yanta, take biyan kuɗin makarantar Ngozi, babbar. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Amarya take ce mini tun ranar da na shigo gidan, ba ta canza ba har na haihu. Ita ta riƙe ni ranar naƙuda kafin ungozoma ta iso.

Mita ɗaya ce a gidan, a zaure, da sunan Malam saboda shi ne mai albashi. In takarda ta zo mu raba uku, ita ta biya kashi biyu, mu ɗaya. Haka muke, ba wanda ya taɓa ɗaga murya.

Ni 'yar Kucheri ce. Labarin gida yana iso mini ta bakin masu zuwa cin kasuwa. Ruwan farko ya sauka, sun yi shuka, ta fito da kyau, sai sama ta yi shiru har ta ƙone. Suka sake da irin da ya rage, ta sake ƙonewa. Ta uku ce ta tashi, amma gero ya fitar da kai tun yana iya gwiwa, in ka murza zangarniya a hannu sai ƙaiƙayi. Baba ya kai bijiminsa kasuwar Tsafe, aka taya shi kuɗin da a bara ko tunkiya ba zai saya ba, ya sallama yana kau da kai. Yayana ya tafi kudu neman aiki. Saura kwana uku a ɗauki azumi, da hantsi, na ji sallama a zaure. Baba ne, da Inna, da matar yayana da 'ya'yanta uku, sun sauka daga motar kaya da ƙunshin tabarmi da tukunya ɗaya. Inna ta rame har na kasa haɗa ido da ita.

Mu uku muka kwana, muka wayi gari mu tara. Malam bai nuna komai a fuska ba. Ya bar wa Baba ɗaki ɗaya, ya ce gidansa ne. Amma na san audugar ma ba ta yi ba a shekarar, an fara rage musu kwanakin aiki.

Azumin ya zo mana cikin irin zafin da ake yi yanzu. Da asuba mu ci tuwon jar dawa da miyar kuka wadda ba ta san mai ba, mu sha ruwa har ciki ya ɗauka. Ana idar da salla ni da matar yayana mu ɗauki bokitai mu tafi bakin famfo, don in rana ta fito ya ɗauke ke nan sai gobe. Layi ya kai kwana, mata suna faɗa a kan wuri da muryar da ba ta da ƙarfi. Da hantsi mu yi surfe. Dusar da a da nake zuba wa awakin maƙwabta, yanzu Inna take karɓa ta shanya, ta sake dakawa ta haɗa cikin garin tuwo. Yara su tafi bayan layin dogo su yago tafasa da rama, mu dafa mu yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. Kunun shan ruwa kullum ƙara tsinkewa yake, har ya zama in ka karkata ludayi ba ya barin shaida.

Daga azahar kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas, ɗaki ya zama tanda. Mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin a jima ya bushe. Yaron da nake goyo ya tsotsa ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa. Harshena ya yi kauri kamar ba nawa ba. Da la'asar kuwa kullum sai hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, kowa ya fito da roba da tukunya. Sai ka ga ya yi yamma ya watse, ko ɗigo babu. Baba yana zaune a gindin bango a kan buzunsa, fuskarsa a gabas, tun hadarin na haɗuwa har ya baje. Sai dai ya shafa gemu ya ci gaba da jan carbi.

Abu ɗaya ne ya yi araha a shekarar, nama. Makiyaya suna ta kaɗo shanu daga arewa, ƙashi da fata, suna sayarwa kafin su faɗi. Malam yakan sayo ranar kasuwa da ɗan yawa, Maman Ngozi ta buɗe mini wuri a firijinta, in riƙa tsakura har mako ya zagayo.

Ita ba azumi take ba, amma tunda aka ga wata ban sake ganin ta sa wani abu a baki a tsakar gida ba. Ta dafa, ta rufe, ta shige ɗaki da 'ya'yanta. In ta ji daka ta fito ta karɓi taɓarya, ta ce mu masu azumi mu zauna. Ita ta koya wa Inna yadda ake haɗa garin rogo da na dawa tuwo ya yi auki. Ran nan Inna tana share hawaye a kan abin da ya same su, Maman Ngozi ta dafa kafaɗarta ta ce, "Inna, wannan yunwar za ta wuce. Na ga wadda ta fi ta, ga ni nan a tsaye."

Ranar farko ta azumi, ana gab da kiran salla, ta fito da ƙanƙara a kwanon sha ta durƙusa gaban Baba. Ya leƙa, ya taɓa da yatsa, ya janye da sauri.

"Mi na wanga?"

"Ƙanƙara ce, Baba. A sa a ruwa."

"Ƙanƙara dai daga sama na san tana zuwa, ta kashe muna gero," in ji shi. "Yau ga ta cikin kwano, ta yi ladabi."

Aka kira salla, ya kurɓa, ya rufe ido ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Tun daga ranar, kullum rana ta yi ja sai ya ɗauraye kwanonsa da kansa ya ajiye a gefen buzu. Ita kuma ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba.

Azumi shi ne kakar cinikinta. Daga la'asar ƙofarta take cika da masu kwano da masu jug, 'yan aike daga gidajen ma'aikata, masu shaguna, direbobi. Ina madafi ina auna garin da ba zai isa ba, ina jin ƙarar kwabbai suna faɗawa cikin gwangwaninta, ɗaya bayan ɗaya. Ban san ranar da ƙarar nan ta fara ci mini rai ba. Na dai san ta fara.

Ana cikin kwana na takwas Malam ya dawo da takarda daga ofishin wuta. Ya kira ni ɗaki bayan la'asar ya yi mini bayani. An fito da tsari biyu ga gidaje irin namu. Na farko shi ne wanda muke kai: mita, ka jona abin da ka ga dama, ka biya gwargwadon abin da ta karanta. Na biyu na ƙwai ne: a ƙirga ƙwan lantarkin da ke gidan, a yanka maka kuɗi ƙayyadadde kowane wata, ba hawa ba sauka. Amma haske ne kaɗai. Za su ɗauke mita, su cire duk soket, su sa ɗan akwati mai fis su rufe da hatimi, in ka jona abu mai nauyi ya ƙone. Ya ce ya aika wa Alhaji a Bunguɗu, Alhaji ya ce shi ba ruwansa, wanda sunansa ke takarda shi zai zaɓa.

Na ce, "Wanne ya fi sauƙi?"

"Na ƙwai ya ɗan fi. Ba da yawa ba. Amma ba ma sai an yi maganarsa ba, ga firijin Maman Ngozi."

"Ta sa tata mitar mana."

"Luba, kin san kuɗin ajiyar da ake nema? Ga jira. Akwai waɗanda suka rubuta tun bara."

Na ce ni abin da na sani, mu ƙwai uku ne da mu da dutsen guga, amma duk watan zafi sai kasonmu ya hau, ba mu san abin da za a kawo ba sai an kawo. Na ce mutum tara muke ciyarwa. Ya ce ya sani. Na ce, "To iyayena su kwana da yunwa don ƙanƙarar wata ta yi sanyi?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na san inda na taɓa. Malam mutum ne mai kunyar surukai, ya gwammace ya sayar da rigarsa da a ce ya ƙi wani abu saboda su. Kwana uku ina maimaita masa maganar, duk sanda ya dawo aiki, kafin ya cire takalmi. A rana ta uku ya ce, "Shi ke nan. Litinin zan je." Da kansa ya tsaya a ƙofar ɗakin Maman Ngozi ya gaya mata, idonsa a ƙasa, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ta ce ba komai, Malam.

Ranar Lahadi ta dawo daga coci, ko ɗankwalin fita ba ta cire ba, ta same ni ni kaɗai a bakin turmi. Ta karɓi taɓaryar ta yi luguden da ya fi goma kafin ta yi magana, a hankali, don kada Baba ya ji.

"Amarya, na kwana ina lissafi. Ki gaya wa Malam ya bar mitar. Ni zan biya duka, naku da nawa. Ko wata nawa ne, har Allah ya kawo damina."

Na durƙusa ina tsince tsabar da ta fantsama, ita kuma ta ci gaba.

"Ba zan iya tare shi da maganar kuɗi ba, surukansa na gida, zai ji nauyi. Ke ce za ki san yadda za ki faɗa masa. Azumin nan kaɗai in na samu na ƙarasa, kuɗin makarantar Ngozi ya fita."

Na ce, "Maman Ngozi, wannan maganar maza ce, ni ba ni da baki a ciki. Amma zan gaya masa."

Ta ce ta gode. Ta ƙarasa mini dakan, ta kwashe, ta tankaɗe.

Ban gaya masa ba.

Shekaru na yi ina neman sunan da zan ba abin. Da na ce wa kaina tsoro ne, kada wata rana ta kasa biya a yanke mana wuta da sunan mijina. Ba shi ba ne. Gaskiyar ita ce na riga na cika baki gaban Malam, na yi kwana uku ina nuna masa ni ce mai kishin gida, ban san da wace fuska zan koma in ce a fasa ba. Kuma a ƙasan wannan akwai wani abu da ya fi muni. Na gaji da karɓa. Ƙanƙarar ubana daga hannunta, wurin ajiye namana a firijinta, dakana a hannunta, yanzu kuma har hasken ɗakina. Ni matar mai albashi, ita gwauruwa baƙuwa. Ina da shekara ashirin da ɗaya, cikina babu komai, haka zuciyata ta auna abin.

Litinin da safe Malam ya sa hularsa, ya ɗauki takardar, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ba wata magana?" Na ce babu, Allah ya kiyaye hanya.

Ranar ashirin ga azumi suka zo, mutum biyu da tsani, da hantsi. Ba su yi awa ɗaya ba. Suka kwance mitar, suka bar tabon murabba'i fari a bangon zaure, suka ɗaura ɗan baƙin akwatinsu. Suka shiga ɗaki-ɗaki suna cire soket suna toshe ramin. Babban cikinsu ya ga firijin, ya tsaya, ya ce, "Madam, kin san wannan ba zai ƙara aiki a nan ba ko?" Ta ce ta sani. Ta sa hannu ta zare wayar da kanta.

Ashe duk zaman da na yi a gidan akwai wani gunji a ƙarƙashin komai, ban taɓa lura da shi ba sai da ya tsaya. Gidan ya yi tsit har ina jin ƙudaje.

Ta fito mini da namana a kwano ta ce, "Amarya, ki soya yau, ba zai kai gobe ba." Ba ta tambaye ni ko na isar da saƙo ba. Ƙanƙarar da ta rage ta naɗe a buhu ta sa a inuwa. Da la'asar masu saye suka taru, ta ce yau ba ta sayarwa ba ce. Ta farfasa ta raba wa kowa, ta ce gobe kada su wahalar da kansu. Mafi girma ta kai wa Baba.

Washegari rana ta yi ja, Baba ya ɗauraye kwanonsa ya ajiye. Aka kira salla. Na zuba masa ruwan randa, ɗumi-ɗumi, mai warin ƙasa. Ya sha, ya yi hamdala, ya dubi ƙofar Maman Ngozi da ke rufe.

"Lahiya dai ɗiyar nan take?"

Na ce injin ne ya lalace.

Kwana biyu ya yarda da ni. A na uku ya tambayi Malam ko ba a samu mai gyara ba, Malam kuwa bai iya ƙarya ba. Ya gaya masa an canza tsarin biya ne don a rage kashe kuɗi. Baba ya jira sai da Malam ya fita, ya kira ni. Na durƙusa.

"Lubabatu, don mu anka yi wanga?"

Na ce, "Baba, hali ne ya kawo."

"Don mu anka yi," ya sake faɗi, wannan karon ba tambaya ba ce. "Mun baro gida don kada mu mutu, mun zo mun kashe ma wata sana'a. Da kin tambaye ni, da na ce miki in rage loma biyu." Ya ɗauki kwanon ya miƙo mini. "Kai shi madahi, ya hi amfani can."

Bai ƙara maganar ba. Amma tun daga ranar, in na kawo masa tuwo sai ya ci rabi ya ture wa jikokinsa, ya ce ya ƙoshi.

Ruwan da muka yi wata biyu muna jira ya sauka ranar ashirin da bakwai, bayan azahar, lokacin da ba sauran abin da zai ceta a gona. Ya zo da ƙarfi, kwano yana ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa. Yara suka tuɓe suna tsalle. Na tsinci kaina a ƙarƙashin indararo ɗaya da Maman Ngozi, ita tana tara bokiti, ni ina juyewa a duro, mun jiƙe sharkaf, zane ya manne mana. Ta ɗaga fuska sama tana dariya, ta ce, "Amarya, rufe bakinki, kada azuminki ya karye!" Na yi dariya ni ma. Maganar saƙon nan ta zo mini har baki. Na ce bari bokitin nan ya cika in faɗa mata. Ya cika, na ɗauka na juye, na dawo na ce bari wannan ma ya cika. Har ruwan ya tsagaita. Baba kuwa bai tashi daga gindin bango ba, feshi yana dukan ƙafafunsa, yana kallon ruwan yana bin kwata yana fita waje.

Kwana uku bayan Salla ya naɗe buzunsa. Malam ya roƙe shi, na yi kuka, ya ce mutum ba ya barin gona ta manta da shi. Ya tafi da Inna, suka koma Kucheri ga rumbun da ba komai, ya bar mana matar yayana da yara. Kafin ya fita ya tsaya a ƙofar Maman Ngozi ya yi mata addu'a mai tsawo, ita tana durƙushe tana cewa amin. Sun rayu, Allah ya sa, da taimakon abin da Malam ke aikawa da ganyen daji. Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Yakan zo Gusau, ya gaishe mu, ya sha ruwa, amma bai sake kwana a gidana ba.

Takardar farko ta sabon tsari ta zo. Malam ya ajiye mini rarar kuɗin a kan tabarma. Na aika kasuwa, ko mudu biyu na gero ba ta sayo ba. Nama kuwa na daina sayen mai yawa, don ba inda zan ajiye. Guga na koma na gawayi.

Maman Ngozi ta rubuta neman mitarta, aka ce ta jira. Ta je ta dawo, ta je ta dawo. Ta gwada suyar ƙosai a ƙofar gida, wake ya yi tsadar da ko uwar kuɗi ba ta fita. Ta gwada wankau. Sanyi ya shigo, ko da wuta ma ba mai neman ƙanƙara. Da aka koma makaranta Ngozi ba ta koma ba, na riƙa ganinta a tsakar gida tana karanta tsofaffin littattafanta. Duk wannan lokacin gaisuwarmu ba ta canza ba. Tana karɓar mini yaro, tana taya ni daka. Hakan ya fi mini zafi da a ce ta zage ni.

Bayan Babbar Salla wani mai gidan abinci a bakin tasha ya zo da amalanke, aka ɗora firijin aka ɗaure da igiya. Ta ce mini ƙanenta ya rubuto daga kudu, ya samo wa Ngozi makaranta a can, za su bi jirgi ranar Alhamis.

Alhamis da safe kayansu suna zaure, akwati biyu da ƙunshi. Malam ya tafi nemo masu ɗauka, 'yan matan sun bi shi. Ta shigo madafi ta same ni ina hura wutar da ta riga ta kama. Ta karɓi yaron daga bayana, ta rungume shi, ta yi masa wata magana da yarensu. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba sauran wani lokaci.

Na ce, "Maman Ngozi, saƙon nan da kika ba ni ranar Lahadin nan..."

"Na sani, Amarya."

Na ɗago.

"Ba ki faɗa masa ba. Da kin faɗa, Malam ba zai je ba, na san halinsa." Ta gyara wa yaron hula. "Kuma ɗakinku da nawa bango ɗaya ne, bai kai rufi ba. Kwana ukun nan duk na ji ku. Tun kafin in zo miki na san ba maganar maza ba ce."

Na ce, "To me ya sa kika zo wurina? Me ya sa ba ki je gare shi ba?"

"In na je gare shi, ya gane ba ki so, ya bi ni ya bar ki, wane zama za ku yi bayan na tafi? Ga babanki a tsakar gida. Na ce bari in kawo miki, ke ki gyara da hannunki, ba wanda ya sani." Ta ɗan yi murmushi. "Yarinya ce ke, kuma kina jin yunwa. Na san abin da yunwa ke sa mutum."

Sallamar Malam ta zo daga zaure, ya ce masu kaya sun iso, jirgi ba ya jira. Ta miƙo mini yaron, ta taimake ni na goya shi, ta ɗaure mini majanyi da kanta, tamau, yadda ta saba. Na bi ta har bakin zaure. Kalmar guda ce, ki yafe mini, na san ta, tana bakina. Amma ga Malam a tsaye, in na faɗa zai tambayi me na yi.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ta ce, "Amin, Amarya. Ki gaida Baba."

Ban karɓi adireshinta ba, ban ma san sunan garinsu ba. Malam ya raka su tasha ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Ni na kori matar nan, Luba. Da hannuna na sa hannu." Shekara talatin da huɗu muka ƙara tare, yana faɗin haka duk sanda aka ambace ta. Ban taɓa gyara masa ba.